Jini Ba Ya Ɓoye Sirrin Zuciya

A wannan fili na mujallarmu ina so in yi bayani a kan wani gwajin jini da likitoci ke yi domin su gane da wuri ko mutum ya gamu da bugun zuciya, watau toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya. Na zaɓi wannan batu ne domin a nan ƙasarmu ta Ikara da Maƙarfi da Kudan, duk ciwon da ya taso tsakanin wuya da cibiya sunansa ɗaya, olsa. Dattijo ya dafe ƙirji yana gumi, sai a aiki yaro kemis ya sayo farin maganin nan na ruwa, a ce ya sha ya kwanta. Sau da yawa olsar ce kuwa, ya sha ya sami sauƙi. Amma wani lokaci ba ita ba ce, kafin gari ya waye sai a ji gida ya ɗauki salati, maƙwabta suna cewa ai jiya tare muka yi sallar lisha da shi.

Gwajin da zan yi magana a kansa yana iya raba gardama tsakanin olsa da bugun zuciya. Sai dai yana da sharuɗɗa uku, kuma dukansu a hannunmu suke, ba a hannun likita ba: a je asibiti da wuri, a faɗi lokacin da ciwon ya soma, kana a yi haƙuri a jira ɗibar jini ta biyu.

Yadda zuciya ke samun abincinta

Zuciya tsoka ce wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Ga baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, watau kimanin sau 100,000 ke nan a kwana guda, kuma a kowane minti tana tura jini wajen lita 5 ko da mutum yana zaune. Abin mamaki shi ne, ko da yake jini ne cike da cikinta, ba daga shi take ci ba. Tana da nata jijiyoyi biyu, ta dama da ta hagu, waɗanda suka yi rassa suka lulluɓe ta daga waje, su ne ke kai wa tsokarta abinci da iskar oksijin.

Duk wanda ya taɓa shiga lambun tumatir a Ikara lokacin rani zai gane abin nan da nan. Ruwa na fitowa daga babbar hanya ya rarrabu, kowane fangali da tasa 'yar hanya. In laka ta taru a hanya ɗaya, ruwa ya ragu, shukar wannan fangali sai ta soma yaushi. In hanyar ta toshe ɗungum, fangalin ya bushe, alhali na kusa da shi kore shar. Haka abin yake a zuciya. Kitse yakan yi shekaru yana taruwa a bangon jijiya, musamman ga mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai shan taba, da mai ƙiba. Ran nan sai kitsen ya tsage, jini ya daskare a wurin, gudan jinin ya toshe hanya. Bayan kamar minti 20 zuwa 30 tsokar da ke ƙarƙashin wurin sai ta soma mutuwa, kuma ɓarnar tana ta yaɗuwa sa'a bayan sa'a. Tsokar da ta mutu kuwa ba ta sake tofowa, tabo ne yake maye gurbinta.

Ashe ba ciwon Turawa ba ne?

Iyayenmu da yawa sun taso suna jin cewa wannan cuta ta Turawa ce, kuma a da maganar tana da ƙamshin gaskiya. A shekarun 1970 cututtukan zuciyar da likitoci suka fi gani a Zariya su ne na hawan jini, da lalacewar ƙofofin zuciya, da kasawar zuciya ga mata masu jego. A kan wannan na ƙarshe ne Farfesa Eldryd Parry na Jami'ar Ahmadu Bello da abokin aikinsa Davidson suka fitar da sanannen bincikensu a 1978. Ko da Dokta Ɗanbauchi ya bi bayanan asibitin koyarwa na jami'ar daga 1985 zuwa 1994, 'yan ƙalilan ne ya samu masu toshewar jijiyar zuciya.

To, amma zamani riga ne. Abinci ya canja, babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, hawan jini da ciwon suga sun shiga kusan kowace unguwa. Daga 2013 zuwa 2018 likitocin zuciya na Nijeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sun tattara bayanan mutum 1,072 da suka zo asibitoci da wannan ciwo, suka buga sakamakon a 2022. Kashi biyu cikin uku maza ne, matsakaicin shekarunsu 59, kuma jinkirin zuwa asibiti na cikin manyan matsalolin da binciken ya nuna. Mafi yawansu mazauna birane ne. Ni dai a ganina wannan bai isa ya kwantar mana da hankali ba, domin wanda ya rasu a ɗakinsa a ƙauye ba ya shiga littafin asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum wajen miliyan 17.9, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali ne.

Abin da likita ke fara yi

In an kai mai ciwon ƙirji sashen gaggawa, ba da jini ake farawa ba. Likita yakan saurari bayani, sa'an nan a manna wa maras lafiya waɗansu wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana tafiyar lantarkin zuciyarsa a takarda. Ma'aikatan asibiti suna kiran wannan awo isiji. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Willem Einthoven, shi ya kyautata na'urar a farkon ƙarni na 20, har ya sami lambar yabo ta Nobel a 1924. Ƙa'idar likitoci ita ce a yi wannan awo cikin minti 10 da isowar maras lafiya. In zanen ya nuna babbar jijiya ta toshe gaba ɗaya, ba a ma jiran sakamakon jini, nan take ake shirin buɗe ta.

Sai dai ba kowane bugun zuciya ne ke fitowa sarai a takardar ba. Akwai mutane da yawa da tsokar zuciyarsu ke lalacewa, amma zanen bai nuna wani abin a-zo-a-gani ba. A nan ne likita yakan shiga tsaka mai wuya. In ya sallami mutumin, mai yiwuwa ne ya faɗi a hanya. In kuwa ya ce zai kwantar da duk mai ciwon ƙirji, gadaje ba za su isa ba, kuma an ɗora wa talaka kashe kuɗi a banza. Saboda haka ake bukatar shaida na biyu, shi ne jini.

Yadda aka gano shaidar jini

Mu da muka tashi a ƙasar rake mun san cewa ruwan rake a cikin kara yake, ba ya fita sai an fasa ko an matse. In ka ga ƙudan zuma sun yanyame wani kara a cikin dami, ka tabbata an ji masa rauni. Ƙwayoyin tsokar zuciya ma haka suke, akwai sinadarai da ke kulle a cikinsu. In ƙwayar ta mutu sai bangonta ya fashe, abin da ke ciki ya tsiyaye cikin jini. Aikin mai gwaji shi ne ya nemo wannan tsiyaya.

A 1954 waɗansu likitoci uku a birnin Niyok na Amurka, LaDue da Wroblewski da Karmen, suka nuna cewa wani sinadari yana ƙaruwa a jinin wanda ya gamu da bugun zuciya. Wannan shi ne mafari. Amma sinadarin nan akwai shi a hanta ma, saboda haka mai ciwon shawara yana iya nuna shi. Daga baya aka koma ga wani da ake samu a tsoka, shi kuma matsalarsa ita ce wanda ya faɗo daga babur, ko aka yi masa allura a cinya, yana iya nuna shi. A shekarun 1970 aka ware nau'insa da ya fi yawa a zuciya, aka daɗe ana aiki da shi, amma duk da haka shaidarsa ba ta cika ba.

Can a ƙasar Jafan kuwa, tun a shekarun 1960, wani masani mai suna Setsuro Ebashi ya gano wani furotin da ke sa tsoka ta tsuke ta saki, aka sa masa suna turofonin. Da aka zurfafa bincike sai aka tarar cewa nau'i biyu na turofonin da ke zuciya sun sha bamban da na sauran tsokar jiki. A ƙarshen shekarun 1980 likita Hugo Katus na birnin Haidalbag a Jamus ya ƙirƙiro hanyar auna ɗaya daga cikinsu a jini. A shekara ta 2000 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka amince cewa turofonin shi ne gwajin da ya fi cancanta a dogara da shi, kuma har yau a kansa ake.

Jini yana da agogonsa

A nan ne nake roƙon mai karatu ya ƙara natsuwa, domin nan ne gishirin maganar. In an yi ruwan sama a can saman rafi, wanda ke tsaye a gada ba ya ganin ruwa ya yi ja nan take, sai an jima laka take isowa. Haka turofonin yake. Da gwaji irin na farko, sai an sami sa'a 3 zuwa 6 da soma ciwo kafin a gan shi a jini. Yakan kai ƙololuwa wajen kwana ɗaya, sa'an nan ya riƙa sauka a hankali, har mako ɗaya ko biyu ana iya ganin burbushinsa.

Ma'anar wannan ita ce, in mutum ya iso asibiti sa'a ɗaya da soma ciwo aka ɗebi jininsa ba a ga kome ba, ba a ce lafiyarsa ƙalau ba tukuna. Tilas a sake ɗiba bayan waɗansu sa'o'i a gwama da na farko. Na taɓa raka wani dattijo maƙwabcinmu asibiti tare da 'ya'yansa. Sakamakon farko ya fito babu kome, babban ɗansa ya soma naɗe tabarma. Likita ta ce masa, “Malam, ka yi haƙuri, Baba ba zai tafi yanzu ba, sai mun sake ɗibar jini bayan la'asar.” Ya ce, “Likita, ai takarda ta nuna lafiya lau, ga dare zai yi mana a hanya.” Ta ce, “Takardar ta faɗi abin da ta gani da hantsi ne, ni na yamma nake jira.” Da aka sake gwajin sai ga turofonin ya hau. Aka kwantar da dattijon, kuma cikin ikon Allah ya warke ya koma gonarsa.

Wajen 2010 aka soma aiki da sabon gwaji mai kaifin gani a ƙasashen Turai, Amurka kuma ta amince da shi a 2017. Wannan yana auna turofonin da ma'aunin nanogiram a cikin lita ɗaya ta jini. Nanogiram kuwa shi ne in ka raba giram ɗaya gida miliyan dubu ka ɗauki ɗaya. Saboda kaifinsa, tun daga 2015 likitocin zuciya na Turai suka yarda a ɗebi jini da isowar maras lafiya, a sake ɗiba bayan sa'a ɗaya tak, a yanke shawara ga mafi yawan mutane. Akwai kuma wani ɗan katin gwaji mai kama da wanda ake gwada zazzaɓin cizon sauro da shi, ana ɗiga jini a jira kamar minti 15 a ga layi. Yana da amfani inda babu babbar na'ura, amma ganinsa bai kai na na'ura ba, saboda haka shi ya fi kowanne bukatar a maimaita. Kowane iri aka yi amfani da shi, tambayar farko da likita zai yi ita ce, yaushe ciwon ya soma? In ba a san amsa ba, an rage wa gwajin ƙarfi.

Ba duk hawan turofonin ne bugun zuciya ba

Kada kuma wani ya karɓi takardarsa ya ga lamba ta hau ya yanke wa kansa hukunci. Turofonin yana cewa ne tsokar zuciya ta ji rauni, amma ba ya faɗin abin da ya ji mata raunin. Mai ciwon ƙoda, da mai kasawar zuciya, da wanda ƙwayar cuta ta bazu a jininsa, da wanda gudan jini ya toshe masa jijiyar huhu, har da ɗan wasan da ya yi gudun fanfalaki, duk ana iya ganin nasu ya ɗaga. Abin da likita ke dubawa shi ne ko lambar tana hawa ko tana sauka tsakanin ɗiba biyu, sa'an nan ya haɗa da bayanin maras lafiya da zanen isiji. Shaidu uku ke nan, kuma ba a yanke shari'a da bakin ɗaya.

Abin da ya rage gare mu

Dalilin duk wannan gaggawa shi ne akwai magani, amma maganin yana da wa'adi. Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, wadda ake yi cikin sa'a 12 da soma ciwo, kuma ta fi amfani ƙwarai a sa'o'i biyu ko uku na farko. A manyan cibiyoyi kuma akan zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya a buɗe inda ya toshe. Mu kuwa da ke Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi, tsakaninmu da likitocin zuciya na asibitin koyarwa da ke Shika, ko na Malam Aminu Kano da ke Kano, akwai tafiya. Wanda ke Paki ko Likoro ko wani ƙauye na cikin lungu sai ya nemi mota tukuna. Tun da hanya za ta ci nata rabo daga cikin sa'o'in nan, bai kamata mu ƙara mata da namu jinkiri a gida ba. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Da farko, mu san alamu. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji kamar an aza wa mutum buhun masara, wanda ya wuce minti 15 bai lafa ba. Yana iya sauka hannun hagu, ko ya hau wuya da muƙamuƙi, ko ya ratsa baya. Sau da yawa yana zuwa da gumi mai sanyi, da tashin zuciya, da sarƙewar numfashi. Mata da tsofaffi da masu ciwon suga wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirji sosai, sai dai kasala mai tsanani, ko haki, ko zafi a saman ciki, wanda shi ne ake ɗauka olsa.

Na biyu, a dubi agogo a riƙe lokacin. In babu agogo, a riƙe shi da salla, a ce bayan azahar ne ko kafin kiran asalatu. Na uku, a zaunar da maras lafiya, kada a bar shi ya yi tafiyar ƙasa ko ya tuƙa babur da kansa, kada kuma a tsaya jiran gari ya waye ko jiran yayansa ya dawo daga kasuwa. A nufi babban asibiti mafi kusa, a gaya wa ma'aikacin farko da aka tarar cewa ciwon ƙirji ne, a roƙi a yi isiji. In babu na'urar ko babu gwajin turofonin a wurin, a karɓi takardar turawa a wuce gaba ba tare da ɓata lokaci ba. Likitoci sukan ba da ƙwayar asfirin mai miligiram 300 a tauna, amma ba a ba wanda jikinsa ba ya karɓarta, ko mai zubar jini, ko mai aman jini, saboda haka a nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin a bayar.

Na huɗu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A faɗa wa likita duk abin da maras lafiya ya sha, na kemis da na gargajiya, a kuma tafi da katinsa na asibiti da ragowar magungunansa. Na biyar, in an ce a jira ɗiba ta biyu, a jira. Na san kuɗin gwaji sau biyu da kwanan asibiti ba ƙaramin nauyi ba ne ga manomi, amma wanda ya biya na farko ya ƙi jiran na biyu, ya sayi rabin amsa ne.

Mu 'yan makaranta muna da namu aiki. A gidaje da yawa mu ne masu karanta takardar asibiti, mu ne ake aika kemis. In an aike mu sayen maganin olsa alhali mun ga Baba yana gumi yana dafe da ƙirji, sai mu durƙusa cikin ladabi mu ce, “Baba, don Allah a je asibiti a duba.” Mu riƙa tuna wa iyayenmu su auna hawan jini da suga ko da ba sa jin kome, mu kuma kanmu mu nisanci taba tun yanzu. Waɗanda ke sha'awar kimiyya a cikinmu su sani cewa mai aikin ɗakin gwaje-gwaje yana ceton rai kamar yadda likita ke yi, kuma garin Maƙarfi ya daɗe da yin suna wajen horar da ma'aikatan lafiya.

Ajali dai na Allah ne, ba mai ja da wannan. Amma neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma Shi ne ya sanar da ɗan Adam yadda zai karanta sirrin zuciya a cikin ɗigon jini. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani, amin.